Aljihun Da Na Ɗinke

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kakana, mahaifin babana, ya rasu ranar wata Talata da hantsi, aka kai shi bayan azahar. An yi sadakar uku, an yi ta bakwai, an yi ta arba'in. Baƙi sun watse, an mayar wa maƙwabta tabarminsu. Yanzu ne zan yi tawa maganar.

Da maza suka dawo daga maƙabarta, zance ɗaya ne a bakinsu: makarar ba ta da nauyi. Ladanin masallacin layinmu ya tsaya a zaure yana faɗa da ƙarfi don matan cikin gida su ji. Ya ce tun yana saurayi yake ɗaukar gawa, bai taɓa ɗaukar mai sauƙi irin wannan ba, kai ka ce ita ke jan mutane zuwa kabari.

"Alamar mutumin kirki ke nan," in ji shi. "Bai tafi da haƙƙin kowa a kansa ba."

Mata suka yi ta salati ƙasa-ƙasa. Gwaggona da ta zo daga Zariya ta share ido da bakin mayafi ta ce ai dole, mutumin da ya ƙarasa kwanakinsa yana azumi. Wata tsohuwa daga Tudun Wada, ban ma san ta ba, ta kama hannuna ta riƙe.

"Ke ce jikar da ta yi jinyarsa? Kin ci riba, 'yar nan. Yadda kika yi masa, Allah ya ba ki mai yi miki."

Na ce amin don idon mutane na kaina. A zuciyata kuwa roƙo nake kada Allah ya karɓa.

Baffana ne kaɗai bai sa baki ba. Shi ya yi wa gawar wanka. Da ya fito sai ya zauna a bakin rijiya, hannun rigarsa a naɗe, ya daɗe yana kallon ƙasa. Babanmu ya zo ya tsaya a kansa. Ina kusa ina ɗauraye kofuna, na ji abin da Baffa ya ce masa.

"Yaya, ƙashi na wanke."

Ba na musun cewa kakana mutumin kirki ne, na fi ladan sani. Amma abin da ya sa makararsa ta yi sauƙi yunwa ce. Wata biyar ya yi yana jin yunwa a gidan da ake ɗora tukunya sau uku a rana, kuma duk gidan ba wanda ya fi ni hanyar ganewa. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi, kuma don kada yabo ya binne abin da ya faru.

Ni Tsoho nake ce masa, shi kuma ya ce mini amarya, irin wasan kaka da jika. In na ɓata masa rai sai ya ce ya sake ni saki uku, in na kawo masa goro ya ce ya mai da ni. Ba mai iya yi masa tsawa a gidan sai ni. Babanmu direban tankar mai ne, yana lodi a wajen Rido ya yi kudu, wani lokacin sai ya yi sati biyu ba mu gan shi ba. Mama kuwa suruka ce ta da. Shekara ashirin da biyar tana gidan, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa tsayawa a inda yake cin abinci ba. In za ta yi masa magana sai ta durƙusa daga bakin ƙofa, kanta a ƙasa. Kakarmu ta rasu tun ina firamare. Saboda haka wankinsa da kokonsa da sharar ɗakinsa duk a wuyana suke.

Yana saurayi ya zo Kaduna ya kama aiki a masaƙa, a Kakuri, ya zama mai gyaran injin saƙa. Har ya mutu in ya taɓa yadi sai ya murza shi tsakanin yatsu ya taɓe baki. Ran da na kawo sakamakon jarrabawar sakandare bai yi kyau ba, Babanmu ya ce in sake zama, na ce ba zan sake ba, ɗinki nake so. Aka yi ta kai ruwa rana. Tsoho yana jin mu. Washegari sai ga shi ya jawo keken ɗinkin kakarmu daga ƙarƙashin gado, duk ya yi tsatsa, ya shimfiɗa buhu a tsakar gida ya wargaza shi ɗaya bayan ɗaya. Sati biyu yana wanke ƙarafa da kananzir da tsohon buroshin haƙori. A nan muka yi faɗanmu mafi girma. Na ce masa in haka ake gyara a masaƙarsu, ba mamaki ta rufe. Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya kwana biyu bai yi mini magana ba, ko sakin ma bai yi ba. A rana ta uku ya kira ni ya ce in taka. Na taka. Keken ya tafi sumul kamar ana zuba ruwa.

"Kin ji?" ya ce. "Inji ba ya ƙarya. In ya canza murya akwai abin da ke damunsa. Ke dai ba kya tsayawa ki ji, matsalarki ke nan."

Da wannan keken na koyi taka ƙafa kafin in samu shagon wata madam a unguwar Television inda nake koyon aiki har yau.

Mutum ne mai haƙuri da ƙarfe, amma ba shi da haƙuri da abinci. Abin da aka san shi da shi a layinmu na Makera shi ne bai taɓa cin tuwo shi kaɗai ba. Da an idar da magariba za a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu, kowane gida ya fito da kwanonsa, tsofaffi su kewaye, a gama da wannan kwano a jawo wancan. Su huɗu suka rage: shi, da ladan, da wani mai gyaran rediyo, da wanda muke kira Baban Television. Wannan Kirista ne, mutumin kudancin Kaduna, sun yi shekara ashirin da wani abu a kan inji ɗaya da Tsoho. Da rikici ya raba unguwanni ya kwashe iyalinsa ya koma Television, amma a cewar Tsoho ya manta bai kwashe cikinsa ba. Kusan kullum da yamma sai ya hawo napep da kular matarsa a hannu.

Ci suke kamar ana korar su. A masaƙa suka koya, inda hutun rabin awa ne, kafin ka wanke hannu jiniya ta kaɗa. Ba a magana, ba a kallon hannun wani, ba a kallon bakin wani. Tsoho yakan ce mai jinkirin loma jiniya ce ke cinye rabonsa. A wurinsa na gaji saurin ci, da saurin komai ma.

Bara, da damina ta kusa fita, ya faɗi a wurin alwala. Hawan jini ne ya taɓa masa ɓarin hagu. Ya yi kwana tara a asibiti ya dawo yana jan ƙafa, bakinsa ya ɗan karkace. Duk wanda ya zo dubiya ƙafar yake tambaya. Yaya ƙafa, Baba? Hannun ya fara motsi? Da ya fara zuwa masallaci da sanda muka ce an warke. Ba wanda ya tambayi maƙogwaro. Ni ban ma san ciwon yana taɓa wurin ba.

Alamun kuwa duk sun zo, ɗaya bayan ɗaya, a gabana.

In ya sha ruwa sai ya ƙware, ya yi ta tari har idonsa ya kawo hawaye. In ce masa, "Tsoho, wa ke korar ka?" Bayan ya sha muryarsa takan jiƙe, kamar mai magana yana kurkure baki. In na kawo koko da ƙosai da safe, sai ya tauna ƙosai ɗaya ya yi ta juya shi a baki, ni kuma ina tsaye da jaka a kafaɗa, madam tana rufe fuska ga duk wadda ta wuce ƙarfe takwas. Sai na fara tsinka masa kokon da ruwan sanyi don ya huce da wuri ya shanye in tafi. Tarin ya ƙaru. Sai na fara ajiye masa kofin in wuce abina. In na dawo in tarar da kofi wayam, in ce madalla. Ban taɓa tambayar kaina abin da ya sa gindin zogalen da ke bakin ɗakinsa kullum a jiƙe yake, ƙudaje na bi ba.

Da rana kuma sai ya ɓullo da azumi. Da ma yana yin na Litinin da Alhamis. Ya ƙara da na tsakiyar wata. Daga baya ya koma yau azumi gobe hutu, a ranar hutun ma ya ce cikinsa a cushe yake. Wa zai hana tsoho azumi? Mama ta ce Baba ya fuskanci lahira, mu yi koyi. Ba na cewa azuminsa ba don Allah ba ne, Allah ya karɓa masa. Amma na san ya samu inuwar da ba mai iya ɗaga ta ya leƙa.

Ƙwayoyin hawan jininsa na tsince su a ƙarƙashin katifa, sun kai cikin tafin hannu. Na yi masa faɗa na ce taurin kai ne. Zariyar wandonsa ta yi tsawo har tana leƙowa ta ƙasan riga. Hularsa ta fara sauko masa kan kunne. Ya koma sallah a zaune, ya daina kaiwa bakin titi, buta ma sai ya ɗauke ta da hannu biyu. Muka ce tsufa ne.

Abin da ya rufe wa kowa ido shi ne kwanon magariba. Kullum yakan fita cike ya dawo a sharce. Mama ta duba ta ce alhamdu lillahi, Baba na cin tuwonsa. Babanmu ya bugo waya daga hanya ya ce Baba ya ci? A ce masa kwano ya dawo ba komai. Mu a ciki muna cewa yana ci a waje. Na waje kuma, na ɗauka, suna cewa yana ci a ciki.

Ran da na fara gani ina wanki ne, ranar Lahadi. Na zura hannu a aljihun kaftaninsa na dama don in ciro carbi, sai na ji abu mai sanyi yana danƙo. Tuwo ne. Loma shida ko bakwai, an mulmula su tsaf, miyar kuka ta bushe a jikinsu.

Na same shi yana shan hantsi a bakin ɗaki.

"Tsoho, yaushe ka buɗe gidan abinci a aljihu?"

Bai ɗago ba. "Na amarya ne. Mijin kirki ba ya shigowa gida hannu rabbana."

"Amaryar ba ta cin tuwon aljihu. Ka san wahalar fitar da kuka daga shadda?"

"To kai ni gun alƙali."

"Bari in gama wankin."

Ya yi 'yar dariya, dariyar ta koma tari. Da ya lafa sai ya ɗora yatsa biyu a wuyansa.

"Hanyar ce ta ƙi, amarya. Mota na zuwa, gada ta karye."

"Gadar da ta wuce da tuwon shekara tamanin? Rabu da ni."

Na koma kan wankina. Ya faɗa mini. Da bakinsa ya faɗa mini, ta hanya ɗaya tilo da mutum irinsa zai iya faɗa, wato cikin wasa, kuma ga mutum ɗaya tilo da yake wasa da ita. Ni kuma na yanke a raina cewa gigin tsufa ne ya fara, irin na tsofaffin da ke ɓoye abinci. Ban gaya wa Mama ba don kada ta ji kunyar abin. Ban gaya wa Babanmu ba don ba ya nan. Gaskiyar ita ce ban ɗauke shi a bakin komai ba, in ban da ƙarin wanki.

Sati uku ina kwashe tuwo daga aljihu. A na ukun farar shaddarsa ta Juma'a ce, miyar kuɓewa da manja. Na jiƙa, na cuɗa har fatar yatsuna ta yi ja, tabon ya ƙi fita. Raina ya ɓaci. Kaftani uku gare shi. Na kwaso biyun da ke igiya, na haɗa da wanda ke rataye a ƙusa yana barcin rana, na hau keken nan da ya gyara mini. Na juya kowanne ta ciki na ɗinke bakin aljihun, dama da hagu, na bi shi sau biyu don kada ya farke. Ko minti goma ban yi ba. Na mayar na rataye. Ina ɗinkin ina murmushi, ina ayyana yadda fuskarsa za ta yi, da irin sakin da zan sha.

Bayan magariba ina cikin gida ina kankare tukunya na ji tarin. Ba irin na kullum ba ne. Wannan sai ya ɗauke ɗif, a ji shiru, sannan ya dawo da wani irin gurnani. Na jefar da tukunya na fita ko mayafi babu.

Tsoho na durƙushe a kan tabarma, ladan na dukan bayansa. Idanunsa sun firfito. Tuwo na fitowa ta hancinsa, yawu na zuba daga bakinsa yana sauka cikin kwanon da mutum huɗu ke ci. Mai rediyo ya kau da kai yana kallon bango. Baban Television ya cire hularsa ya rufe kwanon da ita.

Da muka ɗaga shi na ga gefen rigarsa na dama. Miya ce sharɓe a kan ɗinkina, sawun yatsu uku ko huɗu, sama da ƙasa, inda hannu ya yi ta neman ƙofa.

A nan na gane duka. Yana zama da su, yana gutsura, yana mulmulawa, yana kai hannu baki kamar kowa, sannan ya sauke lomar cikin aljihu. Haka yake yi don kada a ce ya kasa, don kada a tashe shi daga tabarmar da ya yi shekara hamsin a kanta. Ranar ya gutsura ya rasa inda zai sa. Ba a mayar da loma cikin kwanon ciyayya. Ba a jefar da ita a gaban mutane. Sai ya sa a baki.

Bai sake fita ƙofar gida ba. Ya ce a kai musu kwanon, shi ba ya jin daɗi. Bai ce mini komai a kan aljihun ba, ni ma ban ce ba. Na farke ɗinkin a ɓoye da reza. Kwana uku bayan haka zazzaɓi ya rufe shi, numfashinsa na fita da ƙara, muka kira Baffa aka ɗauke shi zuwa asibiti.

Likita ya ce ciwon huhu ne. Amma wadda ta buɗe mana ido wata nas ce, babbar mace, ba ta da wasa. Ta ɗaga hannun rigarsa ta dubi damtsensa, ta dube mu.

"Wa ke ba shi abinci a gida?"

Mama da Baffa suka juyo gare ni.

Ta zaunar da shi sosai, ta ɗora yatsu a maƙogwaronsa, ta ba shi ruwa rabin ƙaramin cokali. Ta ce, "Baba, ce aa." Ya ce. Muryar ta fito tana ɓulɓula.

"Kun ji? Ba ciki ruwan nan yake tafiya ba, huhu yake gangarawa. Tun yaushe yake tari in ya sha ruwa?"

Mama ta ce kwanan nan ne.

Na ce, "Wata biyar."

Nas ɗin ta dube ni na ɗan lokaci, ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da ya fi mini. Ta ce ciwon da ya taɓa masa ƙafa shi ya taɓa naman da ke haɗiya. Ta ce mai irin wannan, abu mai ruwa tsululu ya fi masa haɗari, don yana riga maƙogwaro rufewa. Kunu mai kauri ake ba shi, da fate mai laushi, da dankali ko ayaba a dame, a zaune tsaf, haɓa a sunkuye, cokali ƙarami, sai ya haɗiye ka ga wuyan ya motsa sannan ka ƙara. In ya gama a duba kumatunsa ko saura ya maƙale, kada a kwantar da shi nan take. Ta ce da an kawo shi da wuri, da an koya mana wannan tun a gida.

Ina jin ta ina tuna ruwan sanyin da nake tsinka masa koko da shi.

Suka ce za a zura masa roba ta hanci a riƙa ba shi abinci ta nan. Ya girgiza kai ya ce shi ba inji ba ne. Sai da Babanmu ya iso ya durƙusa a gaban gadon sannan ya yarda. Kafin nan, kwana biyu, ni na ba shi kunun gyaɗa yadda nas ta nuna. Kofi ɗaya ya ci mana kusan awa guda. Ban taɓa zama wuri ɗaya haka ba a rayuwata. In ɗebo, in jira, in kalli wuyansa ya hau ya sauka, in sake ɗebowa. A tsakiyar kofin ya buɗe ido ya dube ni.

"Amarya, jiniya ta kaɗa tuntuni."

"Yau ba aiki, Tsoho. Buɗe."

Ya shanye tas. Ya lashe leɓe. Ya ce ko da saura? Mutumin da muka ce ba ya son abinci, mutumin da muka ce ya fuskanci lahira. Na fita baranda na yi kukan da ban yi ba ran da ya mutu.

Kwana goma sha ɗaya muka yi. Kullum ina cewa yau zan faɗa masa, in ce Tsoho ni na ɗinke, ka yafe mini. Kullum akwai mutum a bakin gadon, ko Baffa, ko Gwaggo, ko 'yan dubiya. Ni da ba na jin nauyin faɗa wa kowa magana, sai ga ni ina jiran ɗaki ya zama ba kowa. Ran Talata na koma gida in yi wanka in canza kaya. Ina ɗaura ɗankwali wayar Mama ta yi ƙara, kira daga asibiti.

Bayan arba'in na kasa zama da abin. Wata ranar Asabar da na tashi daga shago sai na bi ta gidan Baban Television. Na tarar da shi a kan benci a ƙofar gida, shi kaɗai. Tun rasuwar bai sake zuwa Makera cin tuwo ba. Na gaishe shi, ya ce a kawo mini ruwa, na ce a bari.

"Baba, ni na ɗinke masa aljihu."

"Na sani."

"Wa ya gaya maka?"

"Shi. Washegarin abin na shiga ɗakinsa." Ya gyara zama. "Kin ɗauka ba mu san da aljihun ba? Tun makon farko na gani. Me ya sa kike tsammani na koma zama a damansa? Ina baza rigata in kare shi. Ladan ma ya sani, shi ke cinye gefen kakanki don kwano ya tashi daidai. Mu uku, tsofaffin banza, muna ta rufa masa asiri. Muna cewa ai in ya shiga ciki za a dama masa wani abu ya sha."

"Mu kuma muna cewa ya ci a wurinku."

Ya gyaɗa kai a hankali. Wata napep ta wuce, muka bi ta da kallo.

Na ce, "Me Tsoho ya ce? A kaina."

"Ya juya rigar ya nuna mini ɗinkin. Ya ce in ja. Na ja, bai motsa ba. Ya ce ka gani, layi a miƙe, ba tsalle ko ɗaya, yarinyar nan ta iya. Yana faɗa yana jin daɗi, wallahi, kamar an ba shi kyauta. Sannan ya ce kada in kuskura babanki ya ji."

"Ya ce ya yafe mini?"

"Bai ce kin yi laifi ba, balle ya yafe."

"Na yi."

"Kin yi," ya ce. "Mu ma mun yi. Ke da sauri, mu da kunya. Ban san wanne ya fi ba."

Ban yi wa Tsoho biyayya ba a wannan ma. Da Babanmu ya dawo daga tafiya na same shi da Mama a tsakar gida na faɗa musu komai, tun daga kokon har zuwa rezar. Mama ta rufe fuska da zani. Babanmu bai yi faɗa ba. Ya ce shi wata biyar yana tambayar lafiyar kwano, bai taɓa cewa a miƙa wa Baba wayar ya ji muryarsa bayan ya ci ba. Ya tashi ya ɗauki buta.

Ba ni da wa'azin da zan yi wa kowa, ban kai ba. Abu ɗaya kawai: in kana da tsoho a gida, kada ka tambayi kwano. Ka zauna ka ga wuyansa ya motsa. In yana tari bayan ruwa, ka kai shi a duba, ko zai yi fushi, ko za ka makara.

Wanda ya karanta wannan ya sa kakana a addu'a. Allah ya jiƙan Tsoho, ya yafe masa, ya yafe mana abin da muka yi masa muna ganin kyautatawa ce. Allah ya shayar da shi daga tafkin Alkausara, ya kafa kai ya sha da saurin nan nasa har ya ƙoshi, ba tari.